Yadda ake sa yis ya haɗa furotin da ba nasa ba: jagora daga zaɓen iri zuwa tacewa

Yis ɗin nan da ke kumbura burodi shi ne kuma yake haɗa kaso mai yawa na insulin ɗin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura a duniya. A 1986 Amurka ta amince da rigakafin ciwon hanta nau'in B da aka samar a cikin yis, kuma shi ne rigakafi na farko da aka yi ta hanyar dasa ƙwayar gado. A 1987 kamfanin Novo na ƙasar Denmak, wanda daga baya ya zama Novo Nordisk, ya fara fitar da insulin ɗin ɗan Adam daga yis. Dabarar a baki ba ta da wuya: ka ɗauko ƙwayar gado, wato yankin DNA da ke ɗauke da umarnin haɗa wani furotin, ka dasa ta a cikin yis, ka ciyar da shi, shi kuma ya yi maka aikin. A ɗakin gwaji ne ake gane cewa yis ba ya karɓar umarni ido rufe. Kwaloni biyu, wato tarin yis da kowanne ya tsiro daga ƙwaya guda, da suka fito daga faranti ɗaya, da DNA iri ɗaya, ɗaya zai iya cika maka kwalba da furotin, ɗayan ko ɗigo ba zai ba ka ba. Saboda haka mafi yawan wannan jagorar a kan gwaji da tantancewa take.

Mataki na farko: san furotin ɗinka kafin ka taɓa yis

Kafin ka sayi komai, zauna da jerin amino asid na furotin ɗin, wato tubalan da aka gina shi da su, ka yi masa tambayoyi. Yana da ƙullin salfa, waɗanda ke ɗaure sassansa su riƙe masa siffa? Yana da wuraren da ake liƙa sukari? Ana gane waɗannan ta jerin amino asid uku: Asn, sai kowane amino asid in ban da furolin, sai Ser ko Thr. A jikin da ya fito, cikin ƙwaya yake zama ko fitar da shi ake yi?

Idan ƙarami ne, babu ƙullin salfa, babu sukari, to shawarata ka fara da bakteriyar E. coli. Ta fi sauri, ta fi sauƙin kuɗi, cikin kwana biyu ko uku ka san matsayinka. Yis yana shigowa ne inda E. coli ta gaza: furotin ya dunƙule ya ƙi narkewa, ko ya ƙi naɗewa daidai, ko kana gudun gubar da ke bangon bakteriyar, wadda ke sa zazzaɓi in ta shiga jini. Yis yana da ɗakunan cikin ƙwaya irin namu, inda ake naɗe furotin, a ɗaure ƙullin salfa, a tura shi waje. Amma idan furotin ɗin magani ne da aikinsa ya dogara ga samun sukari irin na ɗan Adam sak, kamar yawancin furotin ɗin garkuwar jiki, to ƙwayoyin dabba da ake nomawa a kwalba sun fi dacewa, duk da tsadarsu da jinkirinsu. Yis a tsakiya yake, kuma nan ne ƙarfinsa.

Mataki na biyu: wane yis?

Guda biyu ne suka mamaye fagen. Na farko Saccharomyces cerevisiae, yis ɗin burodi, wanda aka fara shigar wa DNA daga waje a 1978, aka kuma kammala karanta kundin gadonsa a 1996. An san shi ciki da waje. Aibinsa biyu ne. In ya sami gulukos da yawa sai ya koma yin giya ko da akwai isasshiyar iska, abin da ke hana shi yin kauri a tukunya. Sannan yana da son zuba sukari: yakan jera ƙwayoyin sukarin manos 50 zuwa 150 a wuri guda a jikin furotin.

Na biyu Pichia pastoris, wanda masana suka sake wa suna Komagataella phaffii, ko da yake a ɗakin gwaji har gobe Pichia ake ce masa. Tarihinsa da ban mamaki. Kamfanin mai na Phillips Petroleum ne ya raine shi a shekarun 1970 don a noma shi da metanol a ciyar da dabbobi. Farashin makamashi ya tashi, waken suya ya fi shi araha, cinikin ya mutu. Sai dai sun riga sun iya noman sa har ya yi kauri kamar taɓo, don haka a shekarun 1980 aka juya shi zuwa masana'antar furotin. Sukarin da yake liƙawa gajere ne, manos 8 zuwa 14 galibi, kuma furotin ɗinsa na kansa da yake fitarwa waje kaɗan ne, ta yadda naka zai zama mafi rinjaye a cikin romon. A 2009 maganin Kalbitor ya zama furotin na farko daga Pichia da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Akwai wasu, kamar Kluyveromyces lactis da ake samar da enzaim (furotin mai gudanar da aikin sinadari) na daskarar da madara da shi, da Hansenula polymorpha, amma mai farawa ya riƙe Pichia. A kansa zan gina sauran bayanin.

A cikin Pichia ma akwai nau'o'i. X-33 shi ne na gama-gari. GS115 ba ya iya haɗa histidin da kansa, ana amfani da wannan raunin wajen tantancewa. KM71H an lalata masa babbar ƙwayar gadon cin metanol, don haka a hankali yake ci, kuma wasu furotin sun fi son wannan tafiyar hawainiyar. SMD1168 kuma an cire masa wani babban enzaim mai yanka furotin, sai dai bai kai sauran kuzari ba, kada ka fara da shi sai ka ga alamar ana yanka maka kaya. Idan da hali ka gwada X-33 da KM71H tare.

Mataki na uku: gina filasmid

Filasmid zoben DNA ne da zai ɗauki ƙwayar gadonka, kuma abin da ya fi muhimmanci a jikinsa shi ne makunni, yankin da ke faɗa wa yis yaushe zai fara karanta umarnin. Shahararren makunnin Pichia shi ne AOX1. A ɗabi'a yana kunna enzaim ɗin da yis ke cin metanol da shi, kuma yana da ƙarfi har wannan enzaim ɗin kan kai kusan kashi 30 cikin 100 na furotin mai narkewa a cikin ƙwayar. Gulukos da gilisarol suna kashe shi, metanol yana kunna shi. Amfanin wannan babba ne: ka bar yis ya yi girma cikin kwanciyar hankali tukuna, sannan ka ɗora masa aiki. Wanda ba ya son hulɗa da metanol zai iya ɗaukar makunnin GAP, wanda a kunne yake kullum, amma idan furotin ɗin yana cutar da yis, to GAP ba zai yi ba.

Idan kana son furotin ya fito waje, kuma yawanci haka ake so, sai a ɗaura masa tambarin fita a gaba. Wanda aka fi amfani da shi shi ne tambarin alfa da aka aro daga yis ɗin burodi, kuma yana nan a shirye cikin filasmid irin pPICZα. A kan hanyar fita, enzaim Kex2 yana yanke tambarin daidai bayan Lys-Arg, sannan Ste13 ya share Glu-Ala guda biyu da suka rage. Matsalar ita ce Ste13 ba ya kammala aikinsa kowane lokaci, sai ka sami furotin da ragowar amino asid a goshinsa. Wasu sukan cire Glu-Ala ɗin tun daga zane, su manna furotin kai tsaye bayan Lys-Arg. Wani lokaci hakan ya yi kyau, wani lokaci yankan Kex2 ya ragu. Idan farkon furotin ɗinka na da muhimmanci ga aikinsa, gina duka biyun ka kwatanta. Ka kuma duba ko akwai Lys-Arg ko Arg-Arg a tsakiyar furotin ɗin kansa, domin Kex2 ba ya tambayar wane ne nasa, zai iya raba maka shi biyu.

Ƙwayar gadon kanta gara a haɗa maka ita sabuwa, a daidaita haruffanta da waɗanda yis ya fi sabawa da su. A guji dogon jerin A da T a jere, don yis yakan ɗauke su a matsayin alamar tsayawa ya katse karatu a rabin hanya. Ƙara wutsiyar histidin shida a ƙarshe, za ta taimake ka wajen ganowa da tacewa. In kana son wutsiyar da ke jikin filasmid, kada ka sa alamar tsayawa a ƙarshen ƙwayar gadonka, kuma ka tabbatar layin karatu bai goce ba.

A cikin E. coli ake yawaita filasmid ɗin. Ga wani ƙaramin abu da ke ɓata wa mutane mako guda: maganin tantancewa Zeocin, wanda ke kashe duk ƙwayar da ba ta karɓi filasmid mai alamar jure masa ba, ba ya aiki sosai in gishiri ya yi yawa, kuma haske na lalata shi. Yi amfani da romon LB mai ƙarancin gishiri, ma'aunin tsami 7.5, da mikrogiram 25 na Zeocin a kowace mililita, ka ajiye farantan a duhu. Bayan nan ka aika a karanta maka jerin DNA ɗin gaba ɗaya. Kada ka tsallake wannan don sauri, harafi ɗaya da ya kauce zai cinye maka wata guda.

Mataki na huɗu: shigar da DNA

A yis ɗin burodi filasmid kan iya zama yana yawo shi kaɗai a cikin ƙwaya. A Pichia kuwa so ake ya shige cikin kundin gadon yis ɗin ya zauna dindindin. Don haka sai an yanke zoben ya zama zare, a cikin yankin AOX1, da enzaim irin SacI ko PmeI. Bakin zaren biyu ne za su nemo irinsu a cikin kundin yis su manne a wurin. Tabbatar enzaim ɗin da ka zaɓa ba ya yanka cikin ƙwayar gadonka, ka kuma duba a jel, wato faifan da ke jera DNA ko furotin layi-layi bisa girma, cewa yankan ya kammala. Kana buƙatar mikrogiram 5 zuwa 10, a wanke shi tas daga gishiri.

Noma yis a romon YPD har kaurinsa a na'urar auna haske, a zango 600, ya kai 1.3 zuwa 1.5. Wanke shi sau biyu da ruwa mai tsabta mai sanyin ƙanƙara, sannan da sobitol mai ƙarfin mola 1, komai a kan ƙanƙara. Haɗa mikrolita 80 na yis da DNA a ƙaramin kofin lantarki mai faɗin santimita 0.2, ka ba shi bugu ɗaya na kusan bolt 1500. Bugun yana huda ƙananan ƙofofi a fatar ƙwayar na ɗan lokaci. Nan take ka zuba mililita 1 na sobitol mai sanyi, ka bar shi ya huce awa ɗaya zuwa biyu a digiri 30, sannan ka shimfiɗa a faranti mai YPD da sobitol da Zeocin mikrogiram 100 a mililita. In ka ji ƙara kamar fashewa lokacin bugun, gishiri ne ya rage, ƙwayoyin sun ƙone, sake sabo. Kwaloni sukan fara bayyana daga kwana uku.

A rana ɗaya ka shigar da filasmid wanda babu komai a cikinsa a wani kason yis ɗin. Wannan shi ne ma'auninka. Ba tare da shi ba, duk layin da ka gani a jel za ka ɗauka naka ne.

Mataki na biyar: tantance kwaloni

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin ganganci. Mutum ya sha wahalar makonni, ya ga kwaloni sun tsiro, ɗoki ya kama shi, ya ɗauki ɗaya ya zuba a lita guda. Kuskure ne. A wani kwalonin kwafi ɗaya ne ya shiga, a wani biyar, a wani DNA ɗin ya sauka a gurbin da ba nasa ba, a wani kuma alamar jure magani kaɗai ta tsira. Da ido duk ɗaya suke.

Fara da sake shimfiɗa kowane kwaloni a sabon faranti mai Zeocin don ya zama tsantsa. Sannan yi PCR, wato dabarar kwafar wani yankin DNA sau da yawa, da madogaran AOX1, gajerun DNA da ke nuna yankin da za a kwafa. A X-33 ko GS115 da ya karɓa daidai za ka ga layi biyu: na ƙwayar gadon AOX1 ta asali, mai tsawon kusan haruffa 2200, da kuma naka. Idan naka ma ya kusa 2200 za su hau kan juna, kada ka rikice. Ɗauki aƙalla 10 zuwa 20 da suka ci wannan jarrabawar. Idan kana da faranti mai zurfafan ramuka 24 ko 96, gwada fiye da haka.

Masu neman kwafi da yawa sukan shimfiɗa yis a farantan da Zeocin ya kai mikrogiram 500, 1000 ko 2000 a mililita, don waɗanda suka tsira a can galibi sun fi yawan kwafi. Dabara ce mai kyau ga furotin da ke zama cikin ƙwaya. Ga wanda ake fitarwa waje kuwa, yawan kwafi na iya zama sharri: hanyar naɗewa ta cunkushe, yis ya shiga damuwa, ya fara rushe furotin ɗin da kansa. Ba abin mamaki ba ne mai kwafi biyu ya doke mai goma. Saboda haka ka haɗa da na kowane matakin Zeocin a gwajinka, jel ne zai raba gardama. Duk wanda ya yi fice, ajiye shi nan da nan a gilisarol kashi 15 cikin 100 a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kafin ma ka yi murna.

Mataki na shida: kunna samarwa a kwalba

Romo biyu ake amfani da su, BMGY da BMMY. Kayan haɗinsu ɗaya ne, ruwan yis, fefton, fosfet mai riƙe tsami a 6.0, gishirin ciyar da yis da bayotin. Bambancin kawai na farko yana da gilisarol kashi 1 cikin 100, na biyu metanol kashi 0.5. Noma yis a BMGY dare ɗaya har kauri ya kai 2 zuwa 6, wulwula shi a inji ya kwanta, zubar da ruwan sosai domin ragowar gilisarol zai hana makunni tashi, sannan ka narkar da shi a BMMY a kauri 1. Ga KM71H mai cin metanol a hankali, akan tattara shi da kauri sosai a ƙaramin romo. Kowane awa 24 ƙara metanol ya koma kashi 0.5, don wani yis ya cinye, wani ya bi iska.

Abu biyu ke kashe wannan matakin: ƙarancin iska da zafi. Cin metanol na shan oksijin ƙwarai. Kada romo ya wuce kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na girman kwalbar, a sami kwalba mai tudu-tudu a gindi don ruwa ya riƙa fantsama, a rufe bakinta da ƙyalle mai numfashi maimakon murfi, a kaɗa sau 250 zuwa 300 a minti. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 28 da 30. Ya haura 32, samarwa ta lalace. Injin kaɗawa kansa yana ɗumama akwatin, don haka ka sa ma'aunin zafi naka a ciki, kada ka dogara da lambar da ke kan allo. Ɗebi mililita 1 a awa 0, 24, 48, 72 da 96, ka ware ruwa daban, ƙwayoyi daban, ka daskarar da duka biyun.

Mataki na bakwai: karanta abin da jel ke faɗa

Idan ka ga layi tsaf a girman da kake tsammani, yana ƙaruwa kullum, babu shi a ma'auninka, ka gode wa Allah ka wuce. Galibi ba haka ake samu ba. Idan babu komai a ruwa, duba ƙwayoyin: fasa su da ƙananan duwatsun gilashi masu faɗin milimita 0.5, domin bangon yis ya fi na bakteriya tauri nesa ba kusa ba. In furotin yana ciki ya maƙale, to an haɗa shi, fita ce ta gagara. Sauke zafi zuwa digiri 20 ko 25, gwada kwaloni mai ƙarancin kwafi, ko canza tambarin fita, ko ƙara wa yis enzaim PDI mai taimakon ɗaure ƙullin salfa. Kafin ka yanke hukuncin babu, yi gwajin Western da ke neman wutsiyar histidin, don rinin jel na yau da kullum ba ya ganin ɗan kaɗan.

Idan layin ya fito a sama da inda ya kamata, ya bazu kamar hayaƙi, sukari ne. Sa wa samfurin enzaim Endo H ko PNGase F. In hayaƙin ya taru ya zama layi ɗaya a ƙasa, ka tabbatar. Daga nan zaɓi naka ne: ka bar shi in bai hana aiki ba, ka sauya Asn ɗin wurin zuwa Gln, ko ka nemi yis da aka gyara wa hanyar liƙa sukari ta hanyar cire ƙwayar gadon OCH1. Wannan gyaran babbar harka ce, har kamfanin Merck ya sayi GlycoFi a 2006 saboda irin wannan fasahar.

Idan kuwa layin ya yi kyau a awa 48, a 96 ya koma ƙananan gutsattsari, ana yanka shi ne. Girbe da wuri. Pichia yana jure tsami daga 3 zuwa 7, don haka gwada matakai daban-daban ka ga inda masu yankan suka yi sanyi. Ƙara narkakken furotin ɗin madara kashi 1 cikin 100 ya zame musu abin taunawa. In duk bai yi ba, lokacin SMD1168 ya zo.

Mataki na takwas: babbar tukunya

Kwalba ba ta nuna iyakar ƙarfin Pichia. A tukunyar da ake sarrafa iska da tsami da zafi, yakan wuce giram 100 na busasshen yis a lita. Zango uku ake bi: a fara da gilisarol kashi 4 cikin 100 a romon gishiri zalla har ya ƙare, abin da za ka gane da tashin oksijin kwatsam. Sai a riƙa ɗiga gilisarol kaɗan-kaɗan don yis ya yi kauri kuma makunni ya fara sakewa. Sai a shigo da metanol a hankali, ana ƙarawa yayin da yis ke sabawa. A riƙe oksijin sama da kashi 20 cikin 100, a daidaita tsami da ruwan amoniya, wanda shi ne kuma abincin naitirojin. Don sanin ko metanol ya taru, tsayar da ɗigarsa: in oksijin ya tashi cikin minti ɗaya, yis na cinyewa, in ya yi jinkiri, ka yi masa yawa, kuma yawansa guba ne ga yis ɗin. Metanol yana kama wuta, yana makantarwa in an sha, tururinsa ma illa ne. A ajiye shi nesa da tartsatsi, a yi aiki da shi inda iska ke fita.

Mataki na tara: tacewa

Wulwula romon ka raba ƙwayoyi, ka tace ruwan ta matata mai ramin mikromita 0.45, komai cikin sanyi. Kada ka zuba shi kai tsaye a kan ginshiƙin nikel, wato bututun tacewa mai ɗauke da nikel da ke kama wutsiyar histidin. A tsami 6.0 wutsiyar histidin ba ta kamawa da kyau, kuma wasu abubuwan cikin romon sukan kwashe nikel ɗin, ka ga ginshiƙi mai launin shuɗi ya koma fari. Ɗaga tsamin zuwa 7.5 ko 8, ka jira gishirin da zai kwanta ya kwanta, ka sake tacewa. Mafi kyau ma ka tattara ruwan ka canza masa ruwan zama gaba ɗaya. Wanke ginshiƙin da imidazol kaɗan, kamar milimola 20, ka saki furotin da 250. Daga nan ka bi da shi ta ginshiƙin da ke rarrabewa bisa girma, wanda zai nuna maka ko ɗaiɗai yake ko ya dunƙule. Sannan ka gwada aikinsa: in enzaim ne, ya narkar da abin da ya kamata, in mai kamawa ne, ya kama abokinsa. Aika kaɗan a auna nauyinsa a na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, a nan ne za ka ga ko Glu-Ala ɗin nan ya biyo shi. Sauran ka raba a ƙananan kwalabe, kowace ta yi amfani ɗaya, ka rubuta lambar kwaloni da ranar girbi a jikin kowace kafin ka daskarar.